Neman Hoton da Zai Shige Gaban Maƙalar Auren Haɗi

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Rubutun maƙalar auren haɗi da muke yi wa Wikipedia ta Hausa ya tsaya da ƙafarsa. Akwai gabatarwa, da sashen tarihi, da na Indiya da Japan da ƙasar Sin, sai na ƙasar Hausa wanda ya fi kowanne tsawo. Saura hoton da zai zauna can sama, gefen sakin layi na farko. Mu uku ne a kan aikin: ni, da wata malama da ke koyarwa a Zariya, da wani matashi a Maraɗi wanda ya fi mu sanin lungu da saƙo na Commons, wato rumbun da Wikipedia ke ɗauko hotuna daga cikinsa. Sun ce in nemo, su kuma su tace.

Gurbin nan ba na wasa ba ne. Galibin masu karanta Wikipedia ta Hausa a waya suke karantawa, kuma idan aka tura maƙala a WhatsApp, hoton nan ne yakan bayyana tare da take. Wasu iyakar abin da za su gani ke nan, su wuce.

Mun yarda da sharuɗɗa uku. Hoton ya kasance yana da lasisin da Commons ke karɓa, ko kuma ya riga ya zama mallakar kowa saboda daɗewa. Kada ya ɗora wa wani mai rai abin da bai faɗa a kan kansa ba. Sannan a iya gane shi ko da an ƙanƙanta shi a fuskar waya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na wuni cikin Commons. Abin da ya fi fitowa shi ne hotunan bikin Indiya: amarya cikin jan sari, lalle har gwiwar hannu, ango da rawani, ga wutar da ake zagayawa. Hotuna ne masu kyau, wasu ma ƙwararru ne suka ɗauka. Sai dai duk wanda na buɗe, tambaya ɗaya nake yi masa, kuma babu wanda ya amsa: wa ya zaɓa?

Bikin waɗanda suka haɗu a jami'a suka shekara biyar suna soyayya, da bikin waɗanda iyayensu suka haɗa ta tallan jarida, kamarsu ɗaya a hoto. Kaya ɗaya, lalle ɗaya, murmushi ɗaya. Abin da ya raba su ya faru watanni kafin mai hoto ya iso, a wani falo, tsakanin dattawa. To idan na ɗauki hoton wasu bayin Allah na rubuta "auren haɗi" a ƙasa, ni ne na yanke hukunci a kan aurensu, alhali ban san su ba. Commons na da ƙa'ida a kan hotunan mutanen da ake iya ganewa, kuma tana gargaɗi a kan irin wannan, wato a maƙala wa fuskar mutum bayanin da zai iya taɓa mutuncinsa. Ko babu ƙa'idar ma, ba zan so a yi wa ƙanwata haka ba.

Wani rukuni kuma hotunan yara mata ne ƙanana cikin kayan amare. Waɗannan na maƙalar auren wuri ne, ban tsaya a kansu ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tunda masu rai sun gagara, na koma wajen masu zane da suka daɗe da mutuwa. Nan babu matsalar lasisi, domin Commons na ɗaukar hoton tsohon zane a matsayin mallakar kowa muddin haƙƙin mai zanen ya ƙare.

Na farko da na tura musu shi ne zanen Vasili Pukirev na 1862, wanda ke gidan tarihin Tretyakov a Mosko. Zanen ɗaurin aure ne a coci. Angon tsoho ne tukuf, da lambar girma a wuya, riƙe da kyandir yana kallon amarya ta gefen ido. Ita kuwa yarinya ce shar, idanunta sun yi ja, ta miƙa wa limamin coci hannu zai sa mata zobe, kyandir ɗinta ya sunkuya kamar zai faɗi. A bayanta akwai wani saurayi ya harɗe hannu a ƙirji, ransa a ɓace, ana cewa mai zanen ne ya zana kansa. Ko a ƙaramar waya ana gane komai. Sharaɗi na ɗaya da na uku sun cika, na biyun ma haka, tunda Pukirev ya mutu a 1890.

Malama ta amsa cikin minti kaɗan: "Malam, wannan ai auren dole ne." Gaskiyarta. Sakin layinmu na biyu kacokan a kan bambancin nan yake. A auren haɗi iyaye ko dangi ne ke nemowa su gabatar, amma ana tambayar yaran, kuma a'a ɗinsu tana aiki. A auren dole babu tambaya, ko kuma ana tambaya amma amsar ba ta da amfani. Mun kawo sashe na 16 na sanarwar 'yancin ɗan Adam ta 1948 da ya ce ba a ƙulla aure sai da cikakkiyar yardar ma'auratan. Mun kawo hadisin Khansa'u 'yar Khidam, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya warware auren. Sai kuma mu ɗora hoton yarinya mai kuka a saman duk wannan? Mai karatu zai gama yanke hukunci kafin ya kai layi na uku.

Na ɗan ja da ita duk da haka. Na ce iyakar ba a fili take ba kamar yadda muka rubuta. A mazhabar Malikiyya akwai batun ijbari, ikon uba a kan 'yarsa budurwa, kuma maƙalar ta ambace shi. Akwai kuma yarinyar da aka tambaya a gaban baffanni biyar ta yi shiru, aka ce ta yarda, alhali tsoro ne ya rufe mata baki. Malama ta ce duk haka ne, shi ya sa muka ware wa matsin lamba sashensa, can ne gurbin Pukirev. Mun ajiye shi a can.

Talata, 11 ga Fabrairu

Yau na daɗe a gaban zanen William Hogarth, na farko cikin jerin shida da ya yi wajajen 1743, waɗanda ke gidan zane na ƙasa a Landan. Shi ne ya fara nuna mini abin da nake nema.

Babu biki a cikinsa. Ɗaki ne, da tebur, da iyaye maza biyu. Ɗaya basarake ne da ya ci bashi har wuya, ƙafarsa a naɗe saboda ciwon gaɓɓai, yana nuni da takardar salsalar gidansu da ta tuƙe ga William wanda ya ci Ingila da yaƙi. Ta taga ana hango katafaren gidan da ya fara ginawa aikin ya tsaya. Ɗayan attajiri ne mai kuɗi marar asali, yana duba takardar yarjejeniya, ga tsabar kuɗi a zube a kan tebur. Wannan zai ba da suna, wancan zai ba da dukiya. Yaran da ake cinikin a kansu suna gefe a kujera, sun juya wa juna baya. Saurayin na kallon kansa a madubi, da baƙin ɗigo a wuyansa alamar tunjere. Budurwar na zura hankici cikin zobe tana zarewa, lauya ya sunkuyo yana yi mata raɗa.

Ga haɗin nan a fili, masu zaɓe a tsakiya, waɗanda aka zaɓa a gefe. Duk hotunan bikin da na duba ranar Laraba fuskar amarya suke bi, shi kuwa Hogarth teburin ya bi.

Amma fa ba don ya bayyana al'adar ya zana ba, don ya yi mata ba'a ne. A kusurwa ya sa karnuka biyu ɗaure da sarƙa ɗaya, kuma ba sai an faɗa maka su wa yake nufi ba. A zanuka biyar da suka biyo baya auren ya watse: lauyan nan ya kashe mijin, aka rataye shi, matar ta sha guba. Bature na iya ganin karnukan ya yi dariya. Bahaushen da iyayensa suka haɗa shi da matarsa, suka haifi 'ya'ya takwas lafiya lau, idan ya ga an kwatanta irin aurensa da karnuka a sarƙa, zagi zai ɗauka, kuma ba zan ce bai da hujja ba. Ga shi zanen na da duhu da cunkoso. Na ƙanƙanta shi zuwa girman da zai fito a waya, sai na ga wasu mutane ne kawai da farin gashin kanti.

Na lura da wani abu game da masu zanen Turai ɗin nan. Kusan duk wanda ya ɗauki alƙalami a kan wannan batu, ƙorafi ne ya kawo shi. Pavel Fedotov ma haka a zanensa na 1848: mai dalilin aure ta shigo da labari, manjon soja na bakin ƙofa yana murza gashin baki, 'yar gidan ta zabura za ta gudu, uwa ta damƙo rigarta. Auren haɗin da ya zauna lafiya bai ba kowa sha'awar zanawa ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Matashin Maraɗi ya turo wani da ban taɓa gani ba, zanen haɗuwar sarkin Faransa Louis na 14 da sarkin Sifen Philip na 4 a 1660, a wani ɗan tsibiri cikin kogin Bidasoa da ya raba ƙasashen biyu. Sarakunan na tsakiya suna gaisawa, fadawa kowa a ɓangaren ubangidansa, gimbiya Maria Theresa na tsaye a bayan mahaifinta. Auren na cikin yarjejeniyar sulhun 1659 da ta kawo ƙarshen yaƙin ƙasashen. An fara ɗaura shi ta hannun wakili a ɓangaren Sifen, ango ba ya nan, sannan aka yi bikin coci ranar 9 ga Yuni, 1660. An yi alkawarin kuɗin zinariya 500,000 da amarya za ta zo da su, ba a biya ba.

Abin da ya ba mu dariya, taubasai ne ta ɓangare biyu. Uwar Louis 'yar'uwar Philip ce, uwar Maria Theresa kuma 'yar'uwar mahaifin Louis ce. Tuwona maina, har da wakili. Wannan zane ba ya zagi, ba ya yabo, zai shiga sashen tarihi. A sama kuwa bai dace ba, domin zai sa a zaci auren haɗi harkar gidan sarauta ce, alhali talaka ma yana yinsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Shawarwari uku sun shigo shafin tattaunawa, duk na ƙi su.

Wani ya ce a sa hoton auren gata na Kano. Shirin ya faro da auren zawarawa a 2012 ƙarƙashin Hukumar Hisbah, da ma'aurata 100 a zagayen farko, a watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura na 1,800. Hotunan na da armashi, layin angwaye cikin fararen kaya iri ɗaya. To amma abin da suke nunawa shi ne aure na taro wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ba su nuna wa ya zaɓa wa wa ba. Kuma mafi yawansu na kafafen labarai ne, da haƙƙin mallakarsu.

Wani ya turo hoto daga Facebook ya ce amaryar 'yar'uwarsa ce, ta yarda. Na bayyana masa cewa haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda aka ɗauka ba. Sai mai hoton ya saki da kansa a ƙarƙashin lasisi irin CC BY-SA, wanda ke ba kowa damar kwafa da gyarawa har da sayarwa, kuma ba a janye shi idan an bayar. Da ya ji "har da sayarwa" sai ya ce bari ya sake tambayar ta. Bai dawo ba.

Na uku ya ce a sa na'ura ta ƙirƙiro hoto, a huta. Kundin sani da ke neman madogara a kan kowace jimla ba zai buɗe da taron da ba a taɓa yi ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Kasuwar aure ta Shanghai. A filin shaƙatawa na jama'a da ke tsakiyar birnin, iyaye kan taru Asabar da Lahadi, kowa ya buɗe lema ya ajiye a ƙasa, ya maƙala takarda a kai: shekarar haihuwa, tsawo, ilimi, aiki, albashi, ko akwai gida. Sai su zauna a baya suna jiran wani uban ko uwar su tsaya su karanta. 'Ya'yan ba sa wurin, wasu ma ba su san an kai su ba. Hotunan wurin suna nan a Commons, kuma layin lemomi abu ne da ido ke kamawa nan take ko a ƙaramar waya.

Na so shi ƙwarai. Matsala biyu ce. Takardun na ɗauke da lambobin waya, don haka sai wanda aka ɗauka daga nesa yadda rubutun ba ya karantuwa. Ta biyu, dokar aure ta ƙasar Sin ta 1950 ta hana iyaye ƙulla wa 'ya'ya aure, saboda haka abin da ake yi a filin nan dalilin aure ne, iyaye na share hanya, yaran su haɗu su ga ko sun dace. Yana bakin iyakar batunmu. Zai zauna a sashen ƙasar Sin da bayani mai faɗin hakan.

Bayan wannan na gaya wa abokan aikina ra'ayina: maƙalar Hausa ce, sashenta mafi tsawo na ƙasar Hausa ne, bai kamata mai karatu a Gusau ko Damagaram ya fara cin karo da lema a Shanghai ba. Idan babu hoton gida a Commons, mu ɗauko.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Sha'aban ne, kowa na rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, don haka ba a rasa taro ba. A danginmu akwai wanda aka ɗaura yau bayan sallar Juma'a, kuma na gida ne, iyayen ne suka fara magana tun yaran na makaranta, daga baya aka tambaye su suka amince. Jiya da dare na je wajen kawuna, shi ne waliyyin amarya.

Na ce, "Kawu, alfarma na zo nema. Ina so in ɗauki hoto gobe, amma ba na ajiyewa ba ne, intanet za shi, duk duniya za ta gani."

Ya ce, "Duniya me za ta yi da mu?"

Na yi masa bayani har da batun lasisi, ban rage komai ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Fuska dai a'a. Sunan gida ma a'a. In goro kake so, ga goro nan." Wakilin ango ma na same shi da safe, ya ce abin da Alhaji ya faɗa shi ne nasa.

Na tsuguna a gefen tabarma na ɗauka daga kafaɗa zuwa ƙasa. Wakilin ango ya nemi aure, Kawu ya ce ya bayar, aka ambaci sadaki aka miƙa, shaidu suka ji, liman ya yi addu'a aka shafa Fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Ango na can baya cikin abokansa, bai ce uffan ba. Amarya na cikin gida.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Guda ɗaya ya fita daban. Hannun dattijo biyu, ɗaya na miƙa kuɗin sadaki ɗaya na karɓa, a ƙasansu faranti cike da goro da dabino da alawa, ana ganin aikin wuyan babbar riga da gefen darduma. Babu fuska, babu allon masallaci, babu lambar mota. Na ɗora shi a Commons da sunan asusuna, da bayani cikin Hausa da Turanci da Faransanci, na Faransancin matashin Maraɗi ne ya rubuta.

Malama ta ce hoton ya yi kyau, amma ta dawo mini da tambayata ta ranar 5 ga wata: wa ya zaɓa? Ta ce ko auren soyayya ne, a ƙasar Hausa haka ake ɗaura shi, wakili da waliyyi, goro da sadaki. Me ya sa wannan ya zama hoton auren haɗi?

Amsata ita ce, hoton bai tabbatar da komai ba, kuma babu hoton da zai tabbatar. Bambancinsa da na bikin Indiya abu biyu ne. Ba ya jingina wa kowa komai, tunda ba a gane kowa. Kuma yana nuna ainihin abin da maƙalar ke bayani, wato aure a matsayin magana tsakanin gida biyu, inda manya ke bayarwa manya ke karɓa. A wajenmu ma ai abin hawa-hawa ne. Akwai wanda aka yi masa baiko tun yana goye, akwai wanda gwaggonsa ta nuna masa yarinya ya je zance ya gani, akwai wanda ya nemo da kansa amma sai da aka yi bincike a kan asalinta kafin magabata su je gaisuwa, akwai auren sadaka da ake kai wa malami ko almajiri ba tare da ya nema ba. Duk ta hannun nan biyu suke bi. Abin da ya rage shi ne bayanin ƙasan hoton ya faɗi iyakar abin da ke ciki.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mun daidaita. Hoton hannuwa ya hau sama da wannan bayani: "Wakilin ango na miƙa sadaki ga waliyyin amarya a wani ɗaurin aure a Arewacin Najeriya. A al'adar Hausawa magabata ne ke nema su kuma bayar a madadin ma'aurata." Malama ce ta cire kalmar "haɗi" daga ciki, matashin Maraɗi ya ƙara rubutun da manhajar makafi ke karantowa a madadin hoto.

Sarakunan Faransa da Sifen sun shiga sashen tarihi. Hogarth na ƙasansu, na yanko ɓangaren tebur kawai na ɗora a matsayin fayil na daban, da bayanin cewa zanen ba'a ne. Pukirev na sashen matsin lamba, lemomi na sashen ƙasar Sin. Sashen Indiya har yanzu babu hoto. Ina neman shafin tallan neman aure na wata tsohuwar jarida da haƙƙinta ya ƙare, irin wanda iyaye ke bugawa.

Wani mai gyara ya bar ƙorafi a shafin tattaunawa da yammacin nan, ya ce hoton saman maza ne zalla, alhali kowa ya san iyaye mata da gwaggwanni ne ke ƙulla yawancin auren gida tun kafin maza su ji labari. Ban da abin cewa, haka ne. Cikin gida kuwa ba wurin da zan shiga da kyamara ba ne. Malama ta ce akwai kai lefe a unguwarsu bayan Sallah, za ta nemi izinin matan gidan ta ɗauko akwatuna da hannuwan masu buɗewa, mu ga ko za a jera biyun gefe da gefe.